Koyon su a ruwan gishiri: rubutun bayan kowace fita

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Zan riƙa ajiye a nan abin da nake koya game da su a ruwan gishiri, kusa da gaɓa, cikin ƙaramin jirgi. Ni mutumin Yauri ne, a bakin kogi na buɗe ido. Na san fatsa, na san jefa birgi, na san duwatsun da giwan ruwa ke laɓewa a bayansu. Neman abinci ya kawo ni Apapa ta Legas, kullum ina hangen ruwa ta tsakanin tireloli, amma ban taɓa shigarsa da niyyar kamun kifi ba sai yanzu. Abin da na sa a gaba shi ne in kai matsayin da zan ɗauki ƙaramin jirgi da kaina, in je bakin teku, in samo na miya, in dawo da duk wanda na ɗauka lafiya.

Mai koya mini dattijo ne daga mutanen Egun na wajen Badagry. Ya yi shekaru yana su a tafkin Kainji, can ya samo Hausarsa, kuma ta fita sarai. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. Jirginsa na katako ne, bai kai mita takwas ba, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 a gindi.

Yau ko ƙugiya ban taɓa ba. Ya sa na fito da duk abin da ke cikin jirgin na jera a kan tudu, sannan na mayar ɗaya bayan ɗaya ina faɗin amfaninsa: filafili biyu, anka da igiyarta, yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa wadda aka ɗaure da zare don kada ta bi ruwa, jarkar ruwan sha, tocila, usur, wuƙa, filogi na ko-ta-kwana da sifana, sai waya cikin leda mai zif. Fetur kuwa kashi uku yake raba shi, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, na ukun ba a lissafa shi. Kuma ba ya kwance jirgi sai ya gaya wa matarsa inda za mu da lokacin da za a fara nemanmu in ba a gan mu ba.

Da muka gama ya nuna mini ruwan ya ce, "Malam, kogin garinku gefe ɗaya yake gudu tun da Allah ya yi shi. Wannan da safe ya yi gabas, da rana ya juyo. Sai ka iya karanta shi kafin in ba ka inji."

Asabar, 16 ga Nuwamba

Daren jiya wata ya cika, yau kuma na ga abin da hakan ke yi wa ruwa. Turken da muka ɗaure jirgi da safe, ruwa na wuyansa. Kafin azahar ta wuce ya fito fili har da laka da ƙananan ƙaguwa na yawo a gindinsa.

Ga lissafin yadda na fahimce shi. A cikin kwana ɗaya da kusan minti 50, ruwan teku na cika sau biyu, yana janyewa sau biyu. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintoci. Kullum lokacin na ƙara jinkiri da wajen minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkiri, domin jan wata ne ke ɗaga ruwan, rana na taimaka masa. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya kai sha huɗu zuwa sha biyar, rana da wata da duniya na kan layi ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu, sai ruwa ya cika fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum, gudunsa ya yi ƙarfi. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, ruwan na yin sanyin jiki.

Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin lissafin wata ba baƙonmu ba ne. Kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakina ta zama kayan aiki. In na duba na ga uku ga wata, na san ruwa zai yi gudu, tun ban je bakin tasha ba.

A Legas tazarar cika da janyewa ba ta da yawa, mita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Wanda ya ji wannan zai raina ta. Sai dai duk faɗin tafkin Legas, da ruwan kogin Ogun da sauran rafukan da ke zuba a cikinsa, ta ƙofa ɗaya suke fita teku, wato mashigar da ake kira Commodore, tsakanin Tarkwa Bay da tsibirin Victoria. Ruwa mai yawa ta ƙaramar ƙofa dole ya yi gudu. Gudun ya fi tsanani a tsakiyar janyewa, awa ta uku da ta huɗu, sannan ya lafa na ɗan lokaci kafin ya juya. Baba ya ce kifi ya fi ci lokacin da ruwa ya fara motsi bayan wannan lafawar, kuma abin da na gani yau bai ƙaryata shi ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Cikin rafin da ya bi ta bayan Tin Can, tsibirin da ke da tashar manyan jiragen ruwa, zuwa Badagry muka yini. Ruwan nan gauraye ne, ba gishiri sosai ba, ba kuma ruwan daɗi ba. Da damina ruwan kogi ke rinjaye, da rani kuwa gishiri ke shigowa har ciki. Ana gane hakan daga ciyawar nan mai kama da kainuwa, mai fure shuɗi-shuɗi, wadda ta shigo ruwan Legas a tsakiyar shekarun 1980 ta kuma zame wa masu jirgi ƙarfen ƙafa. Ba ta jure gishiri. Yanzu ta fara yin ja tana ruɓewa, alamar teku ta fara turo ruwanta ciki.

Jatan lande muka sa wa ƙugiya, da dalma daidai wadda za ta riƙe ƙasa. A kogi nakan yi da ƙaramar dalma, nan kuwa gudun ruwa ɗauke ta yake ya yi gaba da ita. Mun samu kifin da Yarbawa ke kira obokun, dangin tarwaɗa ne mai farin jiki, yana da daraja a kasuwa. Ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya, biyu a gefe, kamar na kurungu. Baba na riƙe shi ta ciki, yatsu a bayan ƙayoyin gefe, ya karya su da filaya kafin ya jefa shi cikin kwando. Ya ce in ƙayar irin wannan kifi ko ta kunamar ruwa ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, rabin awa ko fiye, domin zafi na karya dafin, sannan a nufi asibiti.

A hanyar dawowa inji ya sauya murya. Nan take Baba ya kashe shi. Akwai wani siririn ruwa da inji ke fitarwa ta baya, shi ke nuna yana shan ruwan da ke sanyaya shi, kuma ya tsaya. Da ya ɗaga ƙafar injin sai ga ledar ruwan sha ta manne a kan ramukan da ruwa ke shiga. Ya cire ta, ya jira, ya tayar, ruwan ya dawo. Da an bar shi yana aiki haka 'yan mintoci, da ya ƙone. Tun daga nan, duk bayan ɗan lokaci sai na waiga na duba siririn ruwan nan. Ledar da ke yawo a ruwan Legas abin baƙin ciki ce, kuma ba daga sama ta faɗo ba, daga hannunmu ta fito.

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo. Daga tasha ba a hango ɗaya gefen ruwa. Ba mu fita ba.

Muka zauna a inuwa ya koya mini dokokin hanya, tunda wurin sunmu hanyar manyan jiragen Apapa da Tin Can ce. Wanda ya shigo daga teku, jajayen alamomi na hagunsa, koraye na damansa. Tsakaninsu nan ne hanyar manya. Babban jirgi ba ya iya kaucewa, ba ya kuma tsayawa sai ya yi tafiya mai nisa, kuma wanda ke tuƙa shi ba ya ganin ƙaramin jirgin da ke dab da goshinsa. Doka ta ɗora wa ƙarami ya ba da hanya. In za a tsallaka, a tsallaka kai tsaye, da sauri, ta bayansa, a kuma tari taguwar da ya tayar da goshin jirgi, kada a ba ta gefe. In aka ji ya busa gajeren ƙaho sau biyar, da wani yake, kuma mai yiwuwa da kai ne.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Maganar rigar kariya. Zan tsaya a kanta, domin ta fi kifin muhimmanci a wurina.

Na zaga kasuwa ina nema. Mafi yawan abin da aka nuna mini lemun kala ne kawai, soso ne marar kirki aka ɗinke cikin yadi, in ka matsa shi ba ya dawowa, igiyoyin kuma da ja ɗaya za su tsinke. Ta gaske tana da rubutu a ciki, da lamba mai harafin N da ke nuna ƙarfin ɗagawarta, da nauyin mutumin da aka yi ta dominsa. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kusa da tudu. Mai 100 ta ruwan da ke kwance ce, inda babu manyan taguwoyi. Mai 150 ita aka yi domin ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Ita na saya, ta ci kuɗi, ban kuma yi da-na-sani ba.

Yau muka je Tarkwa Bay, inda ruwa ke kwance, Baba ya ce in shiga da ita da kayan jikina. Da farko igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi a sake take, ina faɗawa rigar ta haura ta rufe mini kunnuwa, ni kuma na yi ƙasa. Da aka ɗaure ta tamau, aka matse ta ƙirji har hannu ba ya shiga sai da ƙyar, na kwanta a ruwa ban motsa ko yatsa ba, haɓata a sama. Sannan ya sa na gwada hawa jirgi daga cikin ruwa. Ta gefe jirgin karkata yake. Ta gindi, da inji a kashe, da igiya mai madauki da ake sa ƙafa, shi ne ya yiwu.

Na san abin da mutanenmu ke cewa. Wani ya ce ai ya iya ruwa tun yana yaro, wani ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Iya ruwa ba ya amfanar wanda katako ya buga wa kai, ko wanda mutum uku suka riƙe shi a lokaci ɗaya. Kwana kuwa na Allah ne, ba mai musu, amma malamanmu sun sha gaya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warrah, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ƙasarmu ta Yauri, da mutane fiye da ɗari a ciki, mafi yawansu ba su fita ba. A farkon Oktoban bara aka sake yin irinsa da dare a Gbajibo ta Mokwa, da 'yan Mauludi, mata da yara. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce ba mai shiga jirgi sai da riga. A tashoshin Legas na ga ana tsare wannan doka fiye da yadda ake yi a wajenmu, kuma ina fata mu kai nan.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun je gindin duwatsun mashiga. Turawan mulki ne suka jera su a farkon ƙarni na 20, dogayen katangu biyu na dutse da suka kutsa cikin teku domin yashi ya daina toshe hanyar jirage. Su ne kuma suka tare yashin da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, har teku ta yi ta cin Bar Beach, gaɓar tsibirin Victoria, shekara da shekaru. Ga masunci dai, duwatsun nan gidan kifi ne. Ƙanana na ɓuya a ciki, manya na zagaye.

Anka daga goshin jirgi ake sakinta, ba daga gindi ba, domin gindi ya fi kusa da ruwa ga nauyin inji, taguwa ɗaya ta isa ta cika shi. Igiya kuma a sake ta ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin, ta kwanta, anka ta ciji ƙasa. Wuƙa tana kusa da hannu, ko da za a buƙaci yanke igiyar.

Kifin da suke kira kuta shi ne ya fi burge ni. Dogo ne, siriri, da haƙora irin na tsage, yana yanke zaren roba kamar da reza, shi ya sa ake sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya. Wanda ya ci tawa ya fizge zaren har ya ƙona mini yatsa, ya yi tsalle waje ɗaya, jikinsa na walƙiya. Da ya zo gefen jirgi Baba bai bari na kai hannu ba. Ya ɗago shi da ƙugiyar hannu, ya buga masa gora a ka, sai da ya daina motsi sannan aka cire ƙugiya da filaya. Mun kuma kama wani dangin talibambam, ya kumbura, aka mayar da shi; akwai guba a cikinsa, ba a wasa da cinsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau muka fita teku sosai. Baba ya zaɓi ranar da gangan: wata ya wuce ashirin da biyu, ruwa ba gudu, kuma sassafe, kafin iskar kudu maso yamma da ke tasowa da rana.

Bakin mashiga shi ne wurin da ya fi haɗari. In ruwan tafki na fita da ƙarfi ya yi karo da taguwar teku mai shigowa, sai taguwar ta miƙe tsaye ta riƙa karyewa. Shi ya sa ba a ratsa wurin a tsakiyar janyewa. Mun tsaya daga ciki muna kallo na ɗan lokaci. Taguwa rukuni-rukuni take zuwa, manya su wuce a jere, sai a samu sarari. A cikin sararin ya buɗe wa inji wuta. Igiyar kashe inji na ɗaure a wuyan hannunsa, ta yadda in ya faɗa ruwa injin zai mutu nan take, jirgin ba zai yi ta zagaye da farfela a kan mutane ba.

A waje taguwar doguwa ce, tana ɗaga jirgi a hankali tana sauke shi. Cikina ya juya. Baba ya ce in bar kallon ƙasan jirgi, in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, in kuma riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Ya lafa.

Mun samu apo a kan ƙasa mai yashi da laka. Kifi ne mai ruwan azurfa, kuma in an ɗago shi yana wani gurnani daga cikinsa, ana ji sarai a kan katakon jirgi. Ƙananan Baba mayarwa yake. Ya yi ƙorafi a kan masu raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi, da manyan jiragen jan raga da doka ta hana su aiki cikin mil biyar daga gaɓa. Ya ce abin da yake kamawa yanzu bai kai na ƙuruciyarsa ba.

Wurin dawowa ya bi bayan wata taguwa, bai wuce ta ba, bai kuma bari ta baya ta cim mana ba, har muka shige tsakanin duwatsu.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi. Zafin kan ruwa da ƙishirwa ba su dace da mai koyo ba, don haka a tudu nake aiki. Na iya haɗa mai, rabin lita na baƙin mai irin nasa a jarkar fetur mai lita 25. Na iya cire filogi in goge, in sauya igiyar tayar da inji, in wanke shi da ruwan daɗi domin gishiri na cin ƙarfe. Ƙulli uku nake maimaitawa bayan tarawi har hannuna ya iya su a duhu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Hasashen NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, ya ce akwai yiwuwar hadari da yamma, don haka ba mu yi nisa ba. Kifi na ci sosai, irin cin da ba a so a bari. Wajen azahar iska ta ɗauke ɗif, zafi ya yi nauyi. Baba ya dubi gabas ya ce, "Malam, naɗe." Ni ban ga komai ba sai wani baƙin layi can ƙasa-ƙasa. Hadarin wannan lokaci daga gabas yake tasowa, kamar dai a gida, sai dai a kan ruwa babu zauren da za a fake.

Kafin in gama ɗago anka layin ya zama bango. Walƙiya ta yi, na ƙirga daƙiƙa har tsawar ta iso, na raba uku, ya ba ni nisanta a kilomita. Ta biyun ta fi ta farkon kusa sosai. Ya sa na kwantar da sandunan fatsa, na zauna a ƙasan jirgi a tsakiya, jarkar kwarfa a hannuna. Muna shiga bakin wani ƙaramin rafi iska mai sanyi ta bugo, ruwan da ke kwance ɗazu ya yi fari fat. Muka ɗaure a jikin itatuwan bakin ruwa, ruwan sama na dukanmu, ina kwarfa ba tsayawa.

Da ya wuce muka tarar da wasu samari uku a jirgin faiba, man su ya ƙare, ba anka, ba filafili, ba riga ko ɗaya, ruwa na jansu zuwa hanyar manyan jirage. Baba ya jefa musu igiya muka ja su zuwa tasha. Bai yi musu faɗa ba sai da ƙafarsu ta taka ƙasa, sannan ya yi, da Yarbanci, har muryarsa na rawa.

Asabar, 5 ga Yuli

Damina ta kankama, teku ta rufe mana ƙofa. Manyan taguwoyin wannan lokaci daga can kudancin Atlantika suke tasowa, inda ake hunturu yanzu, don haka ko rana ta fito a Legas bakin mashiga na nan yana tafasa. Jirgi irin namu ba ya zuwa wurin sai wajen Nuwamba. Ruwan rafi ya koma ja, gishirinsa ya ragu, kifin teku ya ja baya, sai obokun da ƙarfasa.

Inda aka kwana: a cikin rafi ni ke riƙe inji yanzu, daga kwancewa har ɗaurewa, Baba na zaune a goshi ba ya cewa komai sai in na tambaya. Ina iya faɗin lokacin da ruwa zai juya in kuma dace, ko in kusa. Ratsa mashiga da hannuna bai zo ba tukuna, ya ce sai na yi ta a gefensa cikin rani mai zuwa, a ranakun da ruwa ba gudu.

Abin da ya rage in tanada: rediyon hannu na jiragen ruwa, domin waya na ɗaukewa in an yi nisa, kuma tasha ta 16 ita ce ta neman agaji da kowane jirgi ke saurare; fitila fara mai sanda; da anka ta biyu. Lambar 112 da 767 na Legas suna cikin wayata da ta uwargida. Kuɗin jirgin faiba da muke tarawa da wani abokin aikina ya kusa rabi, amma na ciri wani abu daga ciki na sayi rigunan kariya na yara, masu abin tallafe kai da igiyar cinya. Direban da ke lodin Yauri zai tashi ranar Talata, shi zai kai wa yayana, wanda ke tsallakar da 'yan makaranta a jirginsa kowace safiya.